Darbejiya Da Bagaruwa Sun Shiga Ɗakin Bincike

Duk ɗan Arewan da ke kasa zogale ko zoɓo a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko a Sabon Badun, ya kamata ya sani cewa amfanin hajarsa ya wuce miya da abin sha. Masana a Indiya da Masar da jami'o'in Nijeriya suna amfani da waɗannan tsirrai, har da darbejiya da bagaruwa, wajen haɗa abin da ake kira ƙwayoyin nano.

Ƙwayoyin nano gari ne mai tsananin laushi. In an kasa mita gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Ƙwayar ba ta wuce nanomita 100, alhali kuwa kaurin gashin mutum ya kai wajen 80,000. Wadda ake nufi a nan ita ce ta ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin, kamar tsatsa ko farin garin tutiya.

An saba yin ta da sinadarai masu guba da tsada. A sabuwar hanya kuwa, sai a tafasa ganye a tace, a zuba gishirin tutiya, a gasa abin da ya kwanta da zafin wajen digiri 400. Garin da ya fito yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma rusa launin rini a gurɓataccen ruwa idan rana ta haske shi. Wanda ya san dagwalon da masana'antun Sharaɗa da Challawa suka daɗe suna kwararawa cikin kogi, ba ya bukatar dogon bayani.

Amma fa akwai sauran rina a kaba. Ganyen damina daban yake da na rani, na Sakkwato daban da na Jos, saboda haka garin yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba. Masana'anta kuwa ba ta sayen abin da ba shi da tabbas. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin aikin ya tsaya a ɗakin bincike.

Bisa ga haka, wajibi ne Gwamnati ta zuba kuɗi wajen daidaita ma'auni da gwada illar garin ga mutum da kifi, domin fitowa daga ganye ba shaidar lafiya ba ce. Su kuma iyayen da ke neman halaliyarsu a Kudu, su daure su tsaya wa 'ya'yansu a karatun kimiyya. In ba haka ba, za a ci gaba da sayar da ganye a buhu da araha, a sayo garinsa a kwalba da tsada.