Ɗaga Hilux sama ba laifi ba ne, amma a duba ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, daidai Nasarawa a kudancin garin Kaduna, ba zai daɗe ba sai ya ga wata Hilux ta wuce ta fi 'yan uwanta tsayi. An ɗaga ta, an sa mata manyan tayoyi, wani lokaci har da ƙarfen kariya a gaba.

Wasu don ado suka yi. Amma da yawa larura ce ta sa su. Nasarawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma mai gona a yankin Kakau ko Gwagwada ko bayan Kujama ya san yadda hanya ke komawa idan damina ta kankama a watan Agusta. Wanda ke ɗauko citta daga Kachia ko masara daga ƙauyukan hanyar Birnin Gwari ba ya son cikin motarsa ya riƙa dukan ƙasa.

Saboda haka babu mai ganin laifin wanda ya ɗaga motarsa. Abin damuwa shi ne yadda ake yin aikin rabi da rabi, a bar wani ƙarfe guda da rayuwar mutanen da ke cikin motar ta rataya a kansa. Wannan ƙarfe shi ne hannun sama na tayar gaba, wanda makanikai ke kira afa-am.

Yadda tayar gaba take tsaye

Tun daga samfurin 2005, ƙafar gaba ta Hilux tana tsaye ne a kan hannaye biyu na ƙarfe a kowane ɓangare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Haka ma Prado. Kowane hannu yana haɗe da jikin shasi ta hanyar bushin na roba, sannan a ɗaya bakin akwai bol-join, wato gaɓa mai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa a cikin kwarminsa kamar kafaɗar mutum.

Waɗannan gaɓoɓi su ne ke bai wa taya damar hawa da sauka a kan gargada, tana kuma juyawa dama da hagu idan an murza sitiyari.

Kamfanin da ya ƙera motar ya auna tsayin hannayen da kusurwarsu ne bisa tsayin da motar ta fito da shi. Da zarar an sa doguwar shoka da sifirin, ko aka cusa zoben ƙarfe a saman shoka don a ɗaga gaba, sai hannayen biyu su sunkuya ƙasa. Daga nan lissafi ya canza.

Idan ɗagawar ba ta wuce inci 2 ba, wato kimanin santimita 5, galibi hannun asali yana iya ɗauka, matuƙar an yi alaimen mai kyau. Idan ta haura haka, abubuwa uku ke biyo baya.

Na farko, bol-join na sama zai zauna a karkace, kusa da iyakar inda zai iya juyawa. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, sai ya kai ƙarshe ya daki bakin kwarminsa. Robar da ke tsare masa giris ta yage, ƙasa ta shiga, ya fara cinyewa.

Na biyu, hannun kansa yana iya taɓa sifirin idan taya ta sauka sosai. Wannan ne ƙarar ƙwanƙwasar da wasu direbobi ke ji su ɗauka ba komai ba ne.

Na uku, kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana tana raguwa. Mota ta fara yawo a kan titi, direba yana ta gyara ta da hannu, taya kuma tana cinyewa ta gefe ɗaya. Mai alaimen zai juya kusoshin saiti har su ƙure, amma ba za ta daidaita ba.

Abin da sabon hannu ke gyarawa, da wanda ba ya gyarawa

Don magance wannan ne kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostareliya da SPC na Amurka ke ƙera hannun sama na musamman domin motocin da aka ɗaga. An matsar da mazaunin bol-join ɗinsa don kusurwa ta koma daidai, an lanƙwasa shi yadda ba zai taɓa sifirin ba, kuma gaɓarsa tana da filin juyawa fiye da ta asali.

Sai dai a fahimci abu ɗaya. Wannan hannu ba ya ƙara wa mota tsayi, kuma ba ya mayar da ita yadda take kafin a ɗaga ta.

Ba ya gyara karkacewar shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, wanda shi ma ɗagawa ke sa robarsa saurin yagewa. Ba ya sauko da nauyin motar da ya koma sama, wanda ke sa ta fi saurin kifewa a kwana, musamman idan an lafta buhuna ko an cika baya da mutane. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi.

Manyan tayoyi ma suna da nasu lissafin. Idan aka cire taya mai lamba 265/65R17 aka sa 285/70R17, faɗin da'irar ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Allon gudu zai nuna 100, alhali motar tana kan kilomita 107 a awa guda. Birkin da aka auna wa ƙaramar taya shi ne zai tsayar da babba mai nauyi.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar wannan ƙarfe ko kaɗan. Land Cruiser samfurin 70, irin wadda ake gani wurin jami'an tsaro da ƙungiyoyin agaji, gabanta gatari ne guda ɗaya miƙaƙƙe, ba ta da hannun sama irin na Hilux. Duk wanda ya ce zai sayar wa mai ita afa-am na ɗagawa, kuɗinsa kawai yake so.

Araha ba ta ado

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kayan gyaran da ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabo. Mai mota da ya riga ya kashe kuɗi a shoka da tayoyi, idan aka zo kan hannun sama sai ya fara neman sauƙi.

Hanyoyin sauƙin guda uku ne, kuma kowacce tana da haɗarinta. Ko dai a bar hannun asali a ce zai yi. Ko a sayo wani mai sheƙi da fenti ja ko shuɗi, wanda babu sunan maƙeri na gaskiya a jikinsa, babu lamba, babu takarda. Ko kuma a yanka na asali a ƙara masa ƙarfe a yi walda.

Wannan ta ƙarshen ita ce mafi muni. Kaduna gari ne na masu aikin ƙarfe. Tun da masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, maƙwabciyar Nasarawa, garin ya tara ƙwararrun makanikai, kuma kasuwar Panteka ta yi suna a faɗin Arewa wajen ƙera abin da wasu ke cewa sai an je waje. Babu mai raina wannan baiwa.

Amma hannun taya ba ƙofar gida ba ne, ba kuma injin niƙa ba. Ƙarfe ne da ke lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan sau dubbai a kowace tafiya. Zafin walda yana canza ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, kuma tsagewar da ke farawa daga nan ido ba ya ganinta sai ranar da ta ƙarasa.

Ranar da hannun sama ya karye ko bol-join ya fita, babu abin da ke riƙe da saman tayar. Sai ta kwanta, ta iya fizge shaf da tiyon birki. Idan a cikin unguwa ne ana tafiya a hankali, asarar kuɗi ce. Idan a hanyar Abuja ce ana gudu, sai dai addu'a.

Don a gane nauyin wannan gaɓa, a tuna cewa kamfanin Toyota da kansa, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, ya janye dubban ɗaruruwan motoci a Amurka a 2005 da kuma 2007 domin sauya bol-join na gaba. Idan maƙerin mota yana ɗaukar abin da wannan muhimmanci, bai kamata a bar shi ga sa'a a garejin bakin titi ba.

Mai tsada ma sai an zaɓa

Ba kowane hannu mai tsada ne ya dace da ƙasar nan ba. Akwai irin da ake ƙerawa domin tseren sahara a Amurka, wanda gaɓarsa a buɗe take babu robar rufi. Yana da ƙarfi, amma yana son wankewa da dubawa a kai a kai.

A garin da ake shan ƙurar hunturu wata da watanni, sannan a shiga taɓon damina, irin wannan gaɓa ba ta daɗewa sai ta fara kuka. Motar gona da ta kasuwa ta fi dacewa da hannu mai rufaffen bol-join, wanda za a iya samun madadinsa idan ya ci.

Wannan tambaya ce da ya kamata mai saye ya yi tun kafin ya biya: idan gaɓar ta lalace, ana samun irinta a Kaduna ko Kano, ko sai an sake sayen hannun gaba ɗaya?

Ɗaurawa ma aiki ne. Kusoshin bushin na roba ana ƙarasa ɗaure su ne bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta, ba tana rataye a kan jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan nan dole a yi alaimen a kan na'ura, ba da igiya da ido ba. Sannan a dawo a sake duba kusoshi bayan an ɗan yi tafiya da ita.

A kuma saita fitilun gaba. Motar da aka ɗaga tana haska idon mai Keke Napep da mai ƙaramar mota kai-tsaye, kuma wannan haɗari ne da ake jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Inda hukumomi za su shigo

A Jamus, wanda ya sauya ƙafar motarsa da kayan da ba su da takardar amincewa sai ya kai ta wurin masu binciken fasaha irin su TÜV kafin ya hau titi da ita. A yawancin jihohin Ostareliya, ƙasar da ɗaga mota ya zama ruwan dare, idan ɗagawar sifirin ta wuce milimita 50 sai injiniya ya duba ya sa hannu.

Ba sai Najeriya ta kwafi komai ba, amma tana da hukumomin da za su iya yin daidai gwargwado.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin abin da ke shigowa ta tashoshin ruwa. Ya kamata ta sa kayan ƙafar mota a sahun da take sa taya da wayar lantarki, ta riƙa shiga kasuwannin kayan gyara tana neman sunan maƙeri da takardar gwaji.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, wadda ke aiki tun 1988, tare da KASTLEA a matakin jiha da jami'an duba lafiyar motoci, su fitar da ƙa'ida a fili, cikin Hausa da Turanci, kan iyakar ɗagawa da abin da dole a sauya idan an wuce ta. A yi hakan don kare rai, ba don buɗe sabuwar ƙofar karɓar na goro a shingen hanya ba.

Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa a unguwanni, kuma maganarta ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen masu gareji. Idan ta yanke cewa ɗanta ba zai yi wa hannun taya walda ba, an yi rabin aikin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da cibiyar horaswa ta PAN da ke Kakuri za su iya shirya gajeren kwas kan saitin ƙafar mota domin masu koyon sana'a.

Ma'aikatun gwamnati da ofisoshin 'yan siyasa da ke sayen Hilux da yawa su ma su fara da kansu. Motar rakiya da aka ɗaga, aka ɗora mata mutane a baya, tana gudu a cikin ayari, ita ce ta fi kowacce buƙatar a duba ƙafarta.

Nauyin mai mota

Duk da haka, hukunci na ƙarshe yana hannun mai motar. Shi ne zai yanke ko inci 2 sun ishe shi, wanda ga yawancin hanyoyin gona sun isa. Shi ne zai zaɓa tsakanin ƙarin fitilu na ado da hannun sama na gaskiya.

Idan kuɗin ba su kai a yi aikin cikakke ba, gara a bar motar a tsayinta na asali, a sa mata tayoyi masu kyau, a jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda kuma ya riga ya ɗaga, ya kai ta gareji a ɗaga gaban a girgiza taya a gani. A duba ko robar bol-join ta yage, ko akwai gurzuwa a jikin sifirin, ko taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, ko akwai alamar walda a ƙarƙashin fenti. Binciken ba ya cin rabin awa.

A ƙasar nan an saba cewa tsautsayi ne idan taya ta fita. Wani lokacin haka ne. Amma idan an yanka ƙarfe an liƙa, ko an ji ƙara wata uku ana ƙara sautin rediyo, sunan abin sakaci, kuma waɗanda ke biyan kuɗinsa su ne leburorin da ke zaune a kan buhuna a baya da yaran da ke tsallaka titi a Nasarawa.