Wa Ke Rubuta wa ’Yar Shekara Goma Sha Huɗu a Sabon Birni?

A farkon kowane wata akwai mujallu biyu a Japan da ’yan mata ke ƙirga kwanaki domin su: Nakayoshi, wadda aka fara bugawa a 1954, da Ribon, da ta biyo baya a 1955. Labarai ne cikin zane, abin da suke kira manga, reshensa na ’yan mata kuwa shojo. Babi guda ake saki, a tsaya daidai inda rai ya fi so, sai kuma wata mai zuwa. Da haka Sailor Moon ta Naoko Takeuchi ta riƙa fitowa a Nakayoshi a shekarun 1990.

Wannan jira ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wadda ta tashi a zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa, ta san zaryar shagon haya tana tambayar ko littafi na biyu ya iso. Yau jiran ya koma WhatsApp. Marubuciya ta saki shafuka kyauta, labari ya ɗau zafi, sai ta ce mai son ci gaba ta biya.

Ra’ayina shi ne, a wuri irin Sabon Birni da Isa wannan jira ya wuce nishaɗi. Shekaru ke nan ’yan bindiga, musamman yaran Bello Turji, suna tayar da ƙauyukan gabashin Sakkwato. Makarantu da dama sun daina aiki, iyalai sun watse, wasu cikin gari, wasu sun ƙetara jihar Maraɗi. Yarinyar da karatunta ya tsaya a aji biyar na firamare, in ba ta sami abin da ke janta ga harafi kullum ba, ɗan bokon da ta koya zai zube kamar ruwa a kwando. Littafin darasi ba ya hana yarinya barci. Labarin da aka yanke a tsakiya yana hanawa.

Sai dai igiyar da take riƙe da ita siririya ce. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da waɗannan biyu. Dalilin tsaro ne, ba na musu. Amma ranar da aka kashe layin, ɗakin karatun da ke cikin waya shi ma ya rufe.

Ko layin na nan, me ke zuwa a kansa? A nan ne Japan ke da abin koya mana. Can kowace mujalla ta san shekarun masu karanta ta, akwai edita a kan kowane labari, kuma a shekarun 1970 mata irin su Moto Hagio da Riyoko Ikeda suka karɓe alƙalamin daga hannun maza. Ikeda ta ɗauki juyin juya halin Faransa ta mai da shi labarin da ’yan makaranta ke rububi tun 1972. Mu kuwa masana suka laƙaba wa namu sunan adabin kasuwar Kano, a 2007 kuma gwamnatin Ibrahim Shekarau ta cinna wa tarin littattafan wuta a bainar jama’a. An kori abin daga takarda, inda uwa ke iya ɗaga matashi ta gani, ya faɗa cikin waya, inda labarin matan aure da na batsa ke shiga zaure ɗaya da ’yar shekara goma sha huɗu, ba edita, ba mai tambaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Za a ce wanda ke kwana da takalmi a ƙafa ba labari yake nema ba, tuwo da tsaro yake nema. Gaskiya ne, kuma ba marubuci ne zai kawo su ba. Amma yarinyar ba za ta dakatar da girma ba har a gama da Turji.

Ba cewa nake a fassara mana manga ba; yawancinsa bai dace da gidajenmu ba. Tsarin nake so: ƙaramar mujalla ta takarda, duk wata, da Hausa, cikin zane, domin zane na riƙe hannun mai karatu da ƙyar har ta kai ƙarshen shafi. Abin bayarwa kuwa Gobir ba ta rasa ba. Ga Alƙalawa, ga Bawa Jan Gwarzo, ga sarautar Inna, macen da ake jin maganarta a fadar Gobir, wadda ban ga dalilin da zai hana a gina labari mai babi talatin a kanta ba. Batun rarrabawa ma ƙasar nan ta taɓa warware shi: Nana Asma’u ta tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye da waƙoƙi a rubuce, suna koyar da mata a cikin gidajensu. Yau malamar Islamiyya da direban motar kasuwa za su iya wannan aiki, in an sami mai biyan kuɗin ɗab’in fitowa goma sha biyu na farko.