Kunne Ba Ma'auni Ba Ne: Buƙatar Auna Bugun Lantarki a Yankin Funtua da Malumfashi

Kudancin Jihar Katsina, daga Funtua da Dandume zuwa Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi, ya daɗe da zama rumbun masara da dawa da auduga. Tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtua a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. A yau aikin da ke biyo bayan girbi, wato niƙa da casa da gurza da walda da jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, ya dogara ƙwarai ga injinan lantarki. Da yawa daga cikinsu janareta ke juya su, domin wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa ba ta wadatarwa.

A kasuwar Dandume babu mai sayen hatsi ba tare da tiya ko sikeli ba. Amma mutumin da ba ya yarda a tauye masa mudu ɗaya shi ne yake jona injin da ya kashe dukiya a kansa da wutar da bai san ingancinta ba. In an auna, ƙarfin wutar kaɗai ake dubawa, wato bolt. Akwai awo na biyu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne yawan bugun wutar a cikin daƙiƙa ɗaya. Matsayin wannan maƙala shi ne, auna wannan bugu ya cancanci ya zama al'adar kowane bakanike da mai injin niƙa a yankin, kuma makarantun fasaha da hukumomin gona ne ya kamata su ɗauki nauyin koyar da shi da harshen Hausa.

Abin da ake aunawa

Wutar da ke fitowa daga janareta ko daga layin gwamnati ba ta gudu ta fuska ɗaya kamar ta batir. Tana kai da komowa, kuma kowane zuwa da dawowa shi ne bugu ɗaya. Ana kiran ma'aunin haz, daga sunan Heinrich Hertz, masanin nan ɗan Jamus da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a ƙarshen shekarun 1880. A Nijeriya da Nijar da Turai wutar gida tana bugu 50 a daƙiƙa, a Amurka da Saudiyya kuwa 60. Ƙa'idar babban layin wuta na Nijeriya ta iyakance bugun tsakanin haz 49.75 da 50.25 a lokacin da al'amura ke daidai. Idan buƙata ta rinjayi abin da tashoshi ke samarwa, bugun yakan faɗi, in ya yi ƙasa ƙwarai tashoshin su katse kansu, layin ƙasa ya durƙushe.

A janareta bugun yana ɗaure da gudun inji. Ƙaramin janareta na fetur sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da haz 50, manyan na dizal kuma galibi sau 1,500. Idan ƙaramin ya sauka zuwa juyi 2,700, bugunsa ya koma 45 ke nan. Haka ma motar lantarki da ke juya famfo ko dutsen niƙa: saurinta bin bugun wutar yake yi. Bugu ya ragu da kashi goma cikin ɗari, gudunta ya ragu da kusan haka.

Asarar da ba a gani

Famfon rijiya ya fi nuna illar. Ga famfo mai fanka, yawan ruwan da yake turawa yana bin gudunsa kai tsaye, tsayin da zai iya ɗaga ruwan yana bin gudun a ninke sau biyu, ƙarfin da yake ci kuma a ninke sau uku. A haz 45 famfon zai ɗaga ruwa zuwa kimanin kashi 81 cikin ɗari na tsayin da aka ƙera shi dominsa. Idan rijiyar mai zurfi ce kuma tankin yana sama, ruwan kan koma siriri ko ya tsaya, alhali mai na ci gaba da ƙonewa. Manomin rani sai ya ɗora laifin a kan rijiya ko mai haƙa ta. A haz 55 kuwa, famfon yana neman ƙarfin da ya haura na ƙa'ida da kusan kashi ɗaya bisa uku, koyil ya ɗauki zafi, kwanansa ya ragu.

Ƙarancin bugu ma yana ƙona koyil, ta wata hanyar. Janareta da yawa suna da na'urar daidaita ƙarfin wuta, wadda za ta iya riƙe bolt kusa da 230 ko da inji ya rage gudu. Allurar bolt tana nuna lafiya, ƙwan fitila yana haske, amma motar tana jan wuta fiye da kima saboda bugun ya faɗi bolt bai faɗi ba, fankar da ke sanyaya ta kuma ta rage juyi. A ƙarshe a kai ta wurin mai rewaya, a biya kuɗin waya, a dawo da ita kan wutar da ta ƙona ta. Akwai kuma injinan gwanjo da aka ƙera don ƙasashen haz 60. A kan haz 50 suna rasa kashi ɗaya bisa shida na gudunsu, kuma mai saye ba zai gane ba sai ya iya karanta farantin da ke jikin injin ya gwada da abin da ya auna.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ta ƙone a banza ta zama asara mai nauyi. A watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, janareta da sola ne suka rage wa masu sana'a. Wanda ya zama shi ne tashar wutar kansa, nauyin kula da ingancin wutar ma ya hau kansa.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar ƙirga bugu ba ta da sarƙaƙiya a tunani. Tana buɗe ƙofa na wani ƙayyadadden lokaci, ta ƙirga bugun da ya shige, ta rufe, ta rubuta adadin a fuskarta. Agogon da ke tsare ƙofar ɗan ƙaramin dutsen kwaz ne, ɗan'uwan wanda ke cikin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Ingancin awon bai wuce ingancin wannan agogo ba. Ita kanta daƙiƙa, tun 1967 aka ayyana ta da ƙirga: kaɗawa 9,192,631,770 na hasken ƙwayar zarrar siziyom.

Abu huɗu ne mai aiki da ita ya kamata ya sani. Na farko, ƙirgar tana iya kuskure da bugu ɗaya, sama ko ƙasa. Idan ƙofar daƙiƙa ɗaya ce, wutar haz 50 za ta iya fitowa 49 ko 51, kuskuren kashi biyu cikin ɗari, wanda ya fi duk tazarar da ƙa'idar babban layi ta yarda da ita. Maganinsa a tsawaita ƙofar zuwa daƙiƙa 10, ko a sa na'urar ta auna tsawon bugu ɗaya ta juya lissafin. Bugu ɗaya na haz 50 kashi ɗaya ne bisa hamsin na daƙiƙa, kuma agogo mai kaɗawa miliyan 10 zai ƙirga 200,000 a cikinsa, kuskuren ɗaya ya zama ba komai ba.

Na biyu shi ne tsaron rai da na na'ura. Irin wadda ake ajiyewa a ɗakin gwaji an yi ta ne don ƙananan sigina, ba a cusa mata bolt 230 kai tsaye. Sai an rage wutar da ƙaramar taransifoma, wadda kuma ke raba mai awo da layin. Ga aikin gareji, mitar hannu mai alamar Hz da aka ƙera don wutar gida ta wadatar. Na uku, wutar ƙaramin janareta ba ta da tsabta, tana ɗauke da ƙananan tsalle-tsalle da na'urar za ta iya ƙirgawa a matsayin bugu, sai a ga 100 ko 150 ko adadi mai rawa. A nan sai a kunna matatar da ke tare bugu mai sauri, ko a rage kaifin jin na'urar. Na huɗu, a auna sau biyu: inji babu lodi, sannan da cikakken lodi. Gwamnan inji na ƙarfe yakan bar gudun ya ɗan sauka idan nauyi ya hau, shi ya sa ake saita shi wajen haz 52 babu lodi don ya zauna kusa da 50 a bakin aiki. Idan faɗuwar ta wuce haka da yawa, ko dai lodin ya fi ƙarfin janaretan ko injin yana neman gyara. Duk wannan darasin yini ɗaya ne.

Hujjojin masu ja

Za a ce gogaggen bakanike yana gane gudun inji da kunne. Wannan gwaninta gaskiya ce, kuma da ita aka raya injinan yankin shekaru masu yawa. Sai dai kunne yana jin sauyi ne, ba ya ba da adadi. Sautin inji yana canzawa da salansa da ɗakin da aka ajiye shi, kuma abin da maigida ya ji ba ya iya rubuta wa yaronsa shi. Adadi kuwa ana rubuta shi a littafi, a gwada na yau da na watan jiya, a kafa hujja da shi idan gardama ta taso tsakanin mai famfo da mai janareta. Gani ya kori ji.

Za a kuma ce yankin yana da damuwar da ta fi wannan: rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Dandume, tsadar taki, faɗuwar noman auduga. Babu mai musun haka. Amma waɗannan suna jiran gwamnati da lokaci, wannan kuwa yana hannun mai sana'a, kuma kuɗin mitar hannu bai kai na naɗa koyil ɗin famfo sau ɗaya ba. Wasu kuma za su ce sola na zuwa, janareta zai zama tarihi. Akasin haka ne, domin inbatar famfon sola da bugu take sarrafa gudun mota: rana ta yi ƙarfi ta ɗaga shi zuwa 50, hadari ya taso ta sauke shi. Adadin haz ne ke bayyana a fuskarta. Manomin da bai san ma'anarsa ba zai kira mai gyara a kan abin da ba lalacewa ba ne.

Hujja mafi ƙarfi ita ce, mita mai arha tana iya yin ƙarya. Haka ne, kuma amsarta ita ce a samar da wurin gwada mitoci da na'ura ingantacciya, kamar yadda ake duba sikeli.

Abin da ya kamata a yi

Kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtua, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, su ne suka fi dacewa su ajiye irin wannan na'ura, su ware ranakun da masu gyara za su kawo mitocinsu a gwada. Hukumar KTARDA, wadda ta gaji aikin malaman gona a jihar, za ta iya sa awon bugu cikin abin da ake nuna wa manoman rani a duk lokacin da aka raba famfo. Ƙungiyoyin makanikai da masu injin niƙa kuma su mayar da shi sharaɗin yaye yaro.

Sauran aikin na masana harshe ne. Kalmar mita a Hausa tana ɗauke da kaya uku: ma'aunin tsawo, na'urar awo, da wurin kama tasha a rediyo. Na ukun ya samo asali ne daga tsawon igiyar rediyo, kamar mita 25 ko 31 a gajeren zango, amma yanzu ana jin mai gabatarwa yana kiran lambar tashar FM da mita alhali megahaz yake nufi. Ɗalibin da aka ce masa ya ɗauki mita ya auna mita ba a taimake shi ba. An yi amfani da bugu a wannan maƙala domin Bahaushe ya san bugun zuciya, ya san ana ƙirga shi, ya kuma san yawansa da ƙarancinsa duk alamar ciwo ne. Ko a karɓi kalmar ko a kawo wadda ta fi ta, sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello ya kamata su zauna da malaman injiniya da makanikan Funtua da Malumfashi su tsayar da kalma ɗaya, sannan a buga ɗan littafin jagora mai shafuka kaɗan da za a rataye a gareji kusa da janareta.