Katin Rigakafi da Bangaskiyarmu

Hunturu ya shigo. Ko ba a faɗa ba, tarin da ke tashi daga ɗakin makarantar Lahadi ya ishe mu labari. A irin wannan lokaci ne iyaye kan tare mu bayan an tashi sujada, su ce sun ji akwai allurar mura, ko a yi wa yara? Wasu kuma tambayarsu ta fi wannan nauyi: shin kai yaro rigakafi ba rashin bangaskiya ba ne?

Ta farko mai sauƙi ce. Allurar ta mura mai tsanani ce, wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, har takan sauka cikin huhu. Kakanninmu sun sha ta a 1918, suka sa mata suna marisuwa. Ana yi wa yaro daga wata 6, kuma kowace shekara sai an sake, domin ƙwayar cutar tana canja kama. Ba ta cikin alluran da gwamnatin Nijeriya ke yi wa jarirai kyauta. Mai hali ya nemi shawarar likita, musamman in ɗansa yana da asma ko sikila. Wanda ba shi da hali kada ya ɗora wa kansa laifi.

Abin da ya fi damunmu shi ne alluran kyauta da muke bari suna wuce mu: na sati 6 da 10 da 14, waɗanda ke tsare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa, da na ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa, Kano ce ta fi shan wuya, kuma yawancin yaran da suka kamu ba su kammala rigakafi ba.

Mun san tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu. Magani ne, ba allurar rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a koma ba sai a Yulin 2004, cutar kuwa ta bazu har ta kai Yaman da Indunusiya. Kada mu ce wannan labarin maƙwabtanmu ne kaɗai. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, jita-jitar ta kwana a gidajenmu ma. Da aka koma aka dage, a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci, yau ga su da nasu 'ya'yan a goye.

Game da bangaskiya, mu tuna da sarki Hezekiya. Ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Allahn da ya ji addu'ar shi ne ya ba da maganin. Ubangijinmu Yesu kuma, da Shaiɗan ya ce masa ya diro daga kan haikali tun da mala'iku za su tare shi, ƙi ya yi. Uban da ya san akwai ƙyanda a gari, allura kuma tana nan kyauta, ya ce shi addu'a ta ishe shi, muna ganin ya tsaya ne a kan haikalin nan, da ɗansa a hannu.

Mun ce uba da gangan. Sau da yawa uwar tana son zuwa, maigida ne ke hana kuɗin mota, wai wancan karon yaron ya kwana da zazzaɓi. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka sani, yakan wuce. Ƙyanda kuwa takan makantar, takan kashe. Ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, wajen 9 sukan kamu. To, ku dubi bencin zumuntar mata ranar Lahadi. Jariri nawa ne a goye waɗanda ba su kai wata 9 ba? Su ba su isa allurar ba tukuna, katangarsu ita ce yaran da suka girme su. Abin da uba ya yanke a zaurensa yana shafar ɗan ɗan'uwansa.

Muna roƙon dattawa su sa ranar rigakafi ta asibitin da ke kusa cikin sanarwar Lahadi. In an kawo jariri domin a miƙa shi ga Ubangiji, fasto ya tambayi uban, shi kaɗai ba a gaban jama'a ba, ina katin yaron. Kada a mai da shi sharaɗi. Inda kuma kuɗin mota ne matsalar, a fitar daga asusun taimako.