Raddi ga masu cewa miƙaƙƙen titi shi ne daɗin zama

Duk daminar da ruwan Majiya ya ci gidaje a ƙasar Madawa ko Buza, sai maganar ta dawo: a tashi ƙauyukan kwari, a yanka musu sabon gari a tudu, titi miƙaƙƙe, fili daidai wa daida, kowa ya huta. Masu wannan ra'ayi alheri suke nufi, amma hujjojinsu ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Suka ce a dubi Maraɗi: ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari a bakin gulbi, Faransawa suka zana sabo a tudu, ga shi ya bunƙasa. Haka ne. Sai dai gyaɗa da fataucin Katsina da Kano ne suka raya Maraɗi, ba zanen takarda ba. Kuma tudun yana dab da kwarin, manomi bai rabu da gonarsa ba.

Suka ce ɗan Adam da sabo aka san shi. To, a tambayi mutanen Bakolori. Madatsar ruwa ta cinye fadamunsu, aka zaunar da su a fako, rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a 1980. Manomin albasa da aka raba da garkarsa, da me zai saba? Da yunwa?

Suka ce ƙasarmu ta Adar ta gaji, ba ta gyaruwa. Nan ne na fi jin zafi, domin amsar tana ƙofar gidanmu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tare da ƙungiyar CARE, iska ta rage kwashe ƙasa. A 1984 aikin gyaran ƙasa na Keita ya soma, da kuɗin Italiya da hannun FAO. Mata ne suka fi yawa a fagen, maza sun tafi ci-rani. Suna ɗaukar duwatsu a ka, ana biyansu da abinci, suka tare ruwa a gindin tsaunuka, fako ya koma gona. Ba a tashi gari ba, ƙasar aka gyara inda mutane suke.

Sai batun cewa an tambayi mazauna sababbin unguwanni sun ce madalla. Wa aka tambaya? Maigida ne a zaure, gaban baƙo mai takarda, kuma Bahaushe ba ya kushe kyauta a idon wanda ya ba shi. A shiga cikin gida a tambayi uwargida nisan rijiya, da inda take ɗaure awakinta.