Kafin Ka Ɗora Shi a Facebook, Ka Gaya Masa Tukuna?

A yankinmu na Jega, Aliero da Maiyama, mai saye da bai ji daɗin kaya ba abu biyu ya saba yi. Ko dai ya haɗiye, ya ce "ba komai", daga ranar ba a sake ganin ƙafarsa a shagon ba. Ko kuma, tunda yanzu kowa da waya a hannu, ya ɗauki hoton kayan ya watsa a Facebook da baƙar magana. Duka biyun ba su gyara komai. Na farkon ma ya fi cutarwa, don mai sana'a zai ga ciniki na raguwa bai san dalili ba, ƙarshe ya ce sammu aka yi masa.

Ɗauki albasar Aliero, wadda ake lodawa a manyan motoci zuwa kudu. Idan aka jera manya a bakin buhu, ƙasa kuwa ƙanana da masu ruɓa, ɗan kasuwar da ya buɗe buhun a Legas ba sunan mutum ɗaya zai riƙe ba. Sunan garin zai riƙe. Dillalin da ya kira mai kayan ya ce, "Alhaji, buhu kaza na samu haka, a dinga tsincewa kafin a ɗinke," ya yi wa kowa aiki. Wanda ya yi shiru ya koma wata kasuwa, ya tafi da kuɗinsa da kuma bayanin da ake buƙata.

Haka abin yake ga ɗalibar jami'ar Aliero da ke sayar da cincin ko turare ta WhatsApp, da tela a Jega ana gobe Sallah, da mai POS a bakin titin Maiyama. Jarin yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Rubutu ɗaya na cin mutunci, a garin da kowa ya san gidan kowa, ya isa ya rufe sana'ar. Kuma kalmar "ba kyau" ba gyara ba ce. Ka ce mai ya yi yawa, ko hannun riga ya matse, ko an yi alkawarin Laraba sai Asabar aka kawo. Wannan shi ne abin da mutum zai iya kamawa.

Amma fa masu sana'a ku ma da laifinku. Da an yi ƙorafi sai a ce hassada ce, a toshe lambar mutum. Ku tuna 2023, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi, maganar ta kai ga 'yan sanda da kotu. Kamfanin ya sha kiraye-kirayen ƙaurace wa kayansa fiye da abin da rubutun nata zai jawo. Mai saye yana da haƙƙi a doka, hukumar FCCPC ma don haka aka kafa ta, sai dai wa zai kai ƙarar cincin na dubu biyu Abuja?

Ni dai a ganina, a fara da saƙo tsakaninku. In ya yi kunnen uwar shegu, kuma akwai ha'inci, to a faɗa a fili, da hujja. In kuwa ya gyara, ka koma ka saya, ka ɗora hoton wannan karon ma, da sunan shagon da inda yake.