ZAUREN 'YAN KALLO: Ɗan sanda a wasan Mafiya

A wannan fitowar zan ɗan kauce wa tsegumin 'yan fim, in kai ku wani wasa da na tarar samari na yi a Ƙauran Namoda bayan sallar isha'i. Sunan wasan Mafiya. Wani ɗalibin Jami'ar Mosko a Rasha, Dimitry Davidoff, ya ƙirƙiro shi wajen 1986. Wasan waya na Among Us da ya tashe a 2020 ma jikan sa ne.

Ga yadda ake yi: alƙalin wasa ya raba kati a ɓoye. Kaɗan su zama 'yan Mafiya, saura talakawan gari. In ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, 'yan Mafiya su buɗe su nuna wanda za su fitar. In gari ya waye sai a yi ta musu, a kaɗa ƙuri'a a kori wanda ake zargi.

To, gishirin wasan shi ne ɗan sanda. Kowane dare yana nuna mutum ɗaya, alƙali ya yi masa alama ko mugu ne. Amma fa yana tsaka mai wuya! In ya bayyana kan sa da wuri, daren nan Mafiya za su gama da shi. In ya yi gum, sai a kori bayin Allah yana kallo. Ga shi mugu ma na iya miƙewa ya ce shi ne ɗan sandan.

Masana lissafi uku, Braverman da Etesami da Mossel, sun nuna a 2008 cewa in babu ɗan sanda, miyagu 'yan ƙalilan sun ishi gari guda, kamar goma cikin ɗari. Da an sa shi kuwa, dole a ƙara miyagun sosai kafin wasa ya daidaita. Shi ya sa a gasar Rasha ake zama mutum 10: mutanen kirki 7 har da ɗan sanda, miyagu 3.

Daraktocin mu, kun ji fa. Sufeton da ya gano ɓarawo tun a fitowa ta biyu ya kashe fim, sai dai a cike da rawa da waƙa. Wanda kuma bai gano komai ba har "mu haɗu a kashi na 2", ya raina wa 'yan kallo hankali. A ba shi haske kaɗan-kaɗan, mu ma mu yi ta lissafi da shi.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wani yaro da aka kora a zagayen farko, wai don ya cika shiru. Aka buɗe katin sa, ashe shi ne ɗan sandan! Aka yi ta dariya, ni kuwa jiki na ya yi sanyi. Mutanen Shinkafi da Zurmi sun san zafin kalmar "infoma". Har layukan waya aka rufe a Zamfara a Satumbar 2021 don toshe masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Maciya amana na nan, ba musu. Sai dai a wasa, wanda aka kora bisa zato yana dawowa idan an fara sabon wasa. Wanda aka yi wa hukuncin zato a gari ba ya dawowa. Hausawa sun ce zato zunubi. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kai wa hukuma, kar ka nuna yatsa a dandali.

Ku gwada wasan, ku rubuto mana wa ya ci. Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.